Kujera ta Biyar

Litinin, da hantsi

Hukumar gasar wasannin kwamfuta ta yankinmu ta yi sanarwa yau. Za a zauna a yanke ko 'yan wasan da suka zo daga wasu ƙasashe za su ci gaba da bugawa a gasarmu, ko a sallame su. Kafin wasan ƙarshe za a yi zaman, ba bayansa ba. Mai kulob ne ya kira ni ya faɗa mini, ya ƙara da cewa ni zan yi magana da sunan ƙungiya tunda ni ce koci. Na ce to. Me zan ce in ba to ba?

Na hau sama ɗakin atisaye na tarar da su biyar a jere, kowa da kwamfutarsa, abin sauraro a kunne, fanka tana ta juya zafi. Ban faɗa musu ba. Sun riga sun ji, na gane daga yadda Kyaftin ya ƙi ɗago kai. Baƙo ɗaya ne a cikinmu, wanda yaran suke kira Bahago saboda da hagu yake riƙe linzamin kwamfuta. Shi kaɗai ya juyo ya ce, "Sannu, Koci," ya koma kan allonsa kamar ba a kansa ake maganar ba.

Yana zaune a kujera ta biyar, ta bakin taga. Har watan jiya kujerar ƙanena Auta ce. Ni na tayar da Auta na zaunar da Bahago. Ba zan sake rubuta wannan maganar ba.

Talata, da yamma

Bidiyon Auta ya zagaye gari. Kowa sai turo mini shi yake yi, kamar ni kaɗai ce ba ni da waya.

Yana zaune a falon Umma, na gane labulen. Ya sa rigar ƙungiya a baibai don kada tambarin ya fito. Ya ce mu muka raini gasar nan tun tana shagunan kwamfuta na bakin titi, inda wuta take ɗaukewa ana tsakiyar wasa, yanzu da ta yi kyau sai a ɗauko wasu daga waje a jera mu a benci muna tafa musu. Bai ɗaga murya ba. Bai ambaci sunana ba. Da ma ya ambata.

Yaron nan ya iya magana, ban san yaushe ya koya ba. Na sake kallo ba sauti. Ya rame.

Ban kira shi ba.

Laraba, da la'asar

Ina so in rubuta abin da na gani yau kafin ya gushe mini.

Wasan namu biyar da biyar ne, wasu su kai hari, wasu su tsare. Yawancin yara abin da suke so shi ne su kayar da abokin gaba a ga sunansu a saman allo. Bahago ba ya neman wannan. Yau a atisaye ya tsaya a bayan wani bango a cikin wasan, bai motsa ba, har Dogo, ɗaya daga cikin yaranmu, ya ɗauka intanet ɗinsa ne ya yanke. Ashe sauraro yake yi. Can ya ce a hankali, da harshenmu da bai gama zama a bakinsa ba, "Biyu. Dama. Suna tafiya kaɗan-kaɗan." Babu wanda ya ji komai. Na tsayar da wasan daga baya na ƙure sauti, sai ga takun nan, siriri kamar na kyanwa a kan kwano.

Bai harbe su ba ma. Ya fito ya nuna kansa suka bi shi, suka kayar da shi, Kyaftin ya zagayo ta baya ya share su duka. A allo sunan Kyaftin ne ya haska. Bahago ya jingina da kujera yana murmushi kamar an yi masa kyauta.

Shekara da shekaru ina wasan nan kafin na zama koci, ban taɓa ganin mutumin da yake jin daɗin a ci da shi ba tare da an san shi ya yi aikin ba. Tun zuwansa ɗakin nan ya daina ihu. Da, in an ci mu, sai kowa ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi. Yanzu sai su ga Bahago ya buɗe bidiyon wasan yana neman kuskuren kansa, kunya ta sa kowa ya buɗe nasa.

Auta ya fi shi saurin hannu. Wannan gaskiya ce, kuma ina so ta zauna a rubuce.

Alhamis, da magariba

Na je gida. Umma ta zuba mini shayi ba ta tambaye ni aiki ba, ta hau ba ni labarin famfon banɗaki da yake zuba. Muka yi maganar famfo har ta ƙare mana.

Can ta ce, "Shi wannan baƙon naku na wasan danne-danne, yana da uwa a garinsu?"

Na ce yana da ita.

Ta ce, "To ita ma jira take ya ci abinci da shi ke nan." Sannan ta ce, "Amma dai ni nawa na sani."

Ƙofar ɗakin Auta a rufe take. Ta ciki ina jin ƙarar madannai, tak-tak-tak, da irin saurinsa wanda ko a cikin mutum ɗari zan gane. Atisaye yake yi shi kaɗai, ba ƙungiya, ba koci. Na tsaya a bakin ƙofar har na ji ya ci zagayen, don yakan bugi tebur da tafin hannu in ya ci. Na sa takalmina na fito.

Asabar, da safe

An yi rubutu a ƙofar gidan ƙungiya da jan fenti. Ba zan kwafe shi a nan ba.

Kafin in iso Bahago ya samo bokiti da soso yana gogewa. Ya tambayi Dogo ma'anar kalmar ƙarshe, don ita ce bai sani ba. Dogo, Allah ya shirye shi, ya ce ai wata tsohuwar hanyar cewa barka da zuwa ce. Bahago ya dube shi, ya dubi ƙofar, ya ce, "To mutanenku suna da kirki. Sun rubuta da manyan baƙaƙe." Muka yi dariya har Kyaftin ya zauna a kan matakala. Daga baya na ga Kyaftin ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Ya sani sarai. Ya ba mu dariyar ne don mu samu inda za mu ajiye fuskokinmu.

Ba Auta ba ne. Ko an yanka ni na san ba shi ba ne. Amma masu fentin kalmominsa suka ara suka ɓata.

Lahadi, da rana

Ban kira shi ba.

Talata, da hantsi

Babban kulob na ƙetaren gada ya sallami yaransa uku jiya, ya kawo uku daga waje. Wai suna so su nuna wa hukuma ba a isa a hana su ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ya zo wurina da jakarsa a baya, madannansa suna leƙowa ta sama. Na san shi tun yana zuwa kallonmu a shago. Ya ce, "Koci, ko benci ne." Na ce ba ni da wuri. Ya ce ba komai, ya gode, ya gaishe da yaran ɗaya bayan ɗaya, har Bahago, ya sauka.

Na leƙa ta taga na ga ya tsaya a bakin titi bai san hagu zai yi ko dama ba.

Abin da Auta yake faɗa ke nan. Na zauna in shirya jawabina na ranar zama, na kasa haɗa ko jimla.

Laraba, da yamma

Na tarar da Bahago a kan matakalar baya yana shan iska, yana murza yatsunsa kamar yadda yake yi bayan atisaye. Na zauna a ƙasa da shi. Ban yi niyyar ɗauko maganar ba, shi ya ɗauko.

Ya ce, "Ƙaninki, gaskiya yake faɗa. Rabi."

Na ce rabi kamar yaya?

Ya ce a ƙasarsu ma haka aka yi. Gasarsu ta girma, manyan kulob suka fara kawo 'yan wasa daga waje. "Kujerata, wani ya zo ya zauna. Ya fi ni."

Na ce, "Ka ji haushi?"

Ya ce, "Sosai. Wata da watanni ina kallon wasansa, kullum, don in ga ya yi kuskure in ji daɗi. Ba ya yi. Wata rana na zauna wasa, sai na ga hannuna yana yin irin nasa." Ya yi 'yar dariya. "Wannan sauraron da kike so, nasa ne. Sata na yi."

Na ce to ɗaya rabin fa?

Ya ce, "Abokaina biyu ba su saci komai ba. Sun daina wasa. Ɗaya yana gyaran waya yanzu. Ya fi ni hannu, Koci."

Na tambaye shi in aka hana baƙi ina zai nufa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce takardar zamansa da wasan take tafiya, in babu wasa babu zama. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin hadari ya haɗo. Sannan ya tambaye ni ko gobe za mu iya gwada sabuwar hanyar tsare ƙofar hagu, don ya ga wani rami a tsarinmu.

Wane irin mutum ne wannan?

Asabar, bayan wasa

Mun ci wasan kusa da na ƙarshe.

Zauren ya cika. Da aka kira sunan Bahago rabin mutane suka yi ihun wulaƙanci, rabi suka tafa don su danne su. Ya ɗan rusuna wa ɓangarorin biyu daidai wa daida, ya zauna, ya gyara abin sauraronsa. A zagayen da ya raba gardama su biyu suka rage, shi da Dogo, Dogo kuma ya rikice. Ta na'urata na ji Bahago yana ce masa, "Numfashi, Dogo. Ni zan fita. Kai ka ƙirga, ka biyo." Ya fita, aka kayar da shi, Dogo ya biyo ya gama da su. Zaure ya ɗauki sunan Dogo. Masu ihun ɗazu ma suka miƙe tsaye, ba su san wa suke tafa wa ba.

Na hango Auta a layin baya, hannu a harɗe. Bai tafa ba. Amma ba Dogo yake kallo ba, ƙaramin allon da yake nuna abin da Bahago yake gani ya ƙura wa ido, tun daga farko har ƙarshe.

Litinin, da la'asar

An yi zaman. Wani ɗakin taro mai sanyin da ya wuce misali, dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa.

Auta ya yi magana da sunan 'yan wasan gida. Ya zo da yaran nan uku da aka sallama, ya ce su miƙe, suka miƙe, bai ƙara komai a kansu ba. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma gasar yanki makaranta ce, in aka cika ajin da waɗanda suka riga suka gama karatu a wani wuri, ina 'yan unguwa za su zauna? Wallahi na ji tsigar jikina ta tashi. Na manta a ɓangare daban muke, saura kaɗan in tafa.

Ni na faɗi abin da na gani da idona. Na ce yaran da nake horarwa sun koyi abin da na kasa koya musu, daga mutumin da ko harshenmu bai gama iyawa ba. Na ce in muka rufe ƙofa za mu yi ta cin junanmu muna murna, ranar da muka fita gasar duniya a koro mu tun zagayen farko. Na roƙi a bar wa kowace ƙungiya baƙo ɗaya.

Sai wani dattijo a cikin hukumar ya cire tabarau ya ce, "Koci, a taƙaice. Tsakanin ƙaninki da baƙon, wa ya fi?"

A gaban kowa. A gaban Auta.

Na amsa. Na ce baƙon ne.

Talata, da safe

An hana baƙi, daga yau. Abin da kulob na ƙetaren gada ya yi ne ya kashe maganar baƙo ɗaya, kowa ya tsorata.

Ɗan wasa ɗaya tak muke da shi a benci da rajista: Auta. Mai kulob ya ce ni zan kira shi. Na kira. Na ce, "Gobe da safe." Ya ce, "To, Koci." Tun da aka haife shi Yaya yake ce mini.

Laraba, da rana

Auta ya shigo ya tarar Bahago ya kwashe kayansa daga teburin, ya goge shi tas, ya mayar da linzami ɓangaren dama. Ya jawo wata kujerar roba ya zauna a bayan Auta, ɗan nesa kaɗan.

Auta ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ba na buƙatar mai gadi."

Bahago ya ce, "Ba gadi. Kallo. An hana ni wasa, ba a hana ni ido ba."

Haka suka wuni. Auta yana wasa da fushi, yana kutsawa gaba shi kaɗai, yana kayar da biyu a kayar da shi. Bahago yana bayansa yana kallo.

Alhamis, da yamma

Yau ma kallo kawai Bahago yake yi har bayan azahar. Sai a wani zagaye, Auta zai kutsa, Bahago ya sa yatsa ɗaya ya taɓa bayan kujerarsa. Kujerar kawai, ba jikinsa ba. Auta ya tsaya, ina jin don mamaki. A cikin tsayuwar nan ya ji takun. Na ga wuyansa ya miƙe.

Bayan an tashi ina haɗa wayoyi na ji Auta ya ce, can ƙasan maƙoshi, "Ta yaya ka san suna nan?" Bahago ya jawo kujerar robarsa kusa. Na fita na ja musu ƙofa.

Mutumin da aka kora saboda maganar yaron nan, shi ne zaune yana ba shi duk abin da ya mallaka, jirginsa kuma sati mai zuwa. Na rasa inda zan sa wannan a raina.

Juma'a, da hantsi

Dogo ya ce yanzu muna da 'yan wasa biyar da rabi. Auta ya yi dariya, ya tuna yana fushi, ya gimtse.

Lahadi, da magariba

An ci mu a wasan ƙarshe.

Ba mu sha kashi ba, da kyar suka ƙwace. A zagayen ƙarshe Auta ya ji su, ya faɗa, ya yi daidai, amma ya makara da ƙiftawar ido. Kwana kaɗan ba sa koya wa mutum abin da wani ya yi shekaru yana tarawa. Bahago yana cikin 'yan kallo da rigar ƙungiya, shi ya fara miƙewa ya tafa wa waɗanda suka ci mu, sannan ya juyo ya tafa mana.

A ɓangaren masu nasara akwai yaron nan da ya zo mini da jaka a baya. Kulob ɗinsu ya mayar da su ukun bayan hukuncin. Ya ɗaga kofi yana kuka. Na yi masa murna har zuciyata, kuma na so in fasa wani abu. Duka biyun.

Laraba, da rana

Mun raka Bahago filin jirgi, duk ƙungiyar a mota ɗaya, gwiwar Dogo a bayana. Wata gasa a wani yanki ta ɗauke shi, can ba a rufe ƙofa ba tukuna. Ya rungumi kowa. Da ya zo kaina ya ce, "Koci, ramin ƙofar hagu, ba mu gyara ba." Na ce za mu gyara. Na so in faɗa masa shi ne ɗan wasa mafi girma da na taɓa zama a bayansa, sai na ji bakina yana cewa ya kula da fasfonsa.

Auta ne ya ja masa akwati har inda aka tsayar da mu. Sun daɗe suna magana su biyu. Ban ji ba, ban tambaya ba.

Asabar, da la'asar

A falon Umma Auta ya faɗa. Bahago ya haɗa shi da wani koci a can yankin, suna neman mai saurin hannu, sun ce ya zo gwaji.

Na ce, "A can kai ne baƙon."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Na ce, "Kujerar wani za ka zauna."

Ya ce, "Na sani. Kuma ban janye abin da na faɗa ba, yaran nan uku sun koma wasa, kin gani da idonki. In wani yaro a can ya tashi ya yi bidiyo a kaina, ba zan ce ƙarya yake yi ba." Ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen labule. "Amma ina so in ga iyakata. A nan yanzu ba wanda zai nuna mini."

Na ce in su ma suka hana baƙi fa? Ya ce sai ya dawo in sake ajiye shi a benci, ai na iya. Na jefe shi da filo.

Umma tana jin mu, tana ninke kayan wanki. Sai da ya fita sayen famfon da ya yi mata alkawari ta ce in gaya wa mutanen can su riƙe mata ɗa da kyau. Na ce Umma ban san su ba.

Ta ɗora riga a kan riga ta ce, "To sai addu'a. Allah ya haɗa shi da koci mai taurin kai irinki, wanda zai ba shi wuri in ya cancanta, ko da ɗan uwansa zai tayar."

Na shiga kicin na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.